Zan iya jona farantin sola kai tsaye da batiran tsohuwar kwamfuta?

Tambaya: Na ciro ƙwayoyin batir shida samfurin 18650 daga tsohuwar laftof, ina kuma da farantin sola mai wat 20 da aka rubuta bolt 12 a jikinsa. So nake in haɗa cajar waya da ƙwan fitila. In na jera uku-uku suka ba ni bolt 12, zan iya jona su da farantin kai tsaye?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Aikin mai yiwuwa ne, amma don Allah kada ka jona su kai tsaye.

Ka fitar da farantin rana, ka ɗora mitar auna bolt a kan wayoyinsa biyu ba tare da ka jona komai ba. Za ka ga bolt 21 ko 22. Ko yana cikin aiki, kusan 18 yake bayarwa. Wancan 12 da aka rubuta yana nufin irin batirin da aka yi shi dominsa ne kawai. Ita kuwa ƙwayar litiyam irin taka, iyakarta bolt 4.2, uku a jere 12.6 ke nan. Farantin bai san batir ya ƙoshi ba, ɗura masa wuta zai ci gaba da yi har ya yi zafi, daga nan sai hayaƙi da gobara mai wuyar kashewa.

Kafin ma a kai nan, ƙwayoyin su ne abin dubawa, kuma a nan masu fara wannan aiki suka fi gaggawa. Batirin laftof ba ya mutuwa gaba ɗaya. Sau da yawa ƙwaya biyu ne suka gaji suka ja sauran. Auna kowace ita kaɗai. Wadda ta nuna ƙasa da bolt 2, ko ta lotse, ko ta yi tsatsa, ka cire ta daga lissafi. Sauran ka caja su ɗaya bayan ɗaya kana taɓawa da bayan yatsa. Wadda ta yi zafi sosai ita ma ta fita. Sai ka rubuta adadin bolt ɗin kowace a jikinta, ka ajiye su mako guda, ka sake aunawa. Lafiyayya za ka same ta kusan inda ka bar ta. Wadda ta zube ƙasa da bolt 4 tana shan wutar kanta ne. Idan robar da ta lulluɓe ƙwaya ta yage, ka sake mata wata, domin duk jikin ƙarfenta ɓangaren negatif ne.

A ganina ka manta da bolt 12 tukuna. Ka haɗa masu kyaun kafaɗa da kafaɗa, fozitif da fozitif, negatif da negatif, bayan ka tabbatar bolt ɗinsu ya yi daidai da juna. Hakan zai zama batir guda mai bolt 3.7, babu wahalar daidaita caji tsakanin ƙwayoyi. Wutar farantin ta fara shiga ƙaramin allon rage bolt irin LM2596, ka murza sukurunsa har mita ta nuna 5 kafin ka jona komai. Daga nan ta shiga allon caji TP4056, wanda ba ya jure sama da bolt 8. Ka nemi mai kariyar DW01, shi ne zai yanke wuta kafin batir ya zube ƙwarai. Sannan allon ɗaga wuta zuwa bolt 5 mai kafar USB. Sa fis, wato abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, kusa da fozitif ɗin batir.

Kada ka manna dalma a jikin ƙwaya, zafin yana lalata ta daga ciki. Gidan batir mai sifirin ya wadatar.

A ce uku ne suka tsira cikin shidan: ƙwaya uku masu 2000mAh kowace (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne) suna ɗauke da kusan wat-awa 22, abin da zai cika waya sau ɗaya ya bar ɗan saura ga fitilar LED. TP4056 amfiya ɗaya yake turawa, don haka cika su zai ci awa shida zuwa bakwai na rana mai kyau. Farantin ya sha rana, amma akwatin batir ka ja masa waya ya zauna a inuwa, litiyam ba ya son caji a zafin da ya wuce digiri 45.