Yadda antaraks ta addabi masu aikin ulu a Ingila, da abin da ya shafi mai sana'ar fata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni dillalin fatu ne a Kano. Tun da aka samu ɓullar cutar antaraks a wata gona a Suleja a 2023 nake bibiyar maganarta. Na ji an ce a da, a Ingila, masu aikin ulu ta fi kashewa. To yaya gashin tunkiya zai kashe mutum? Kuma mu da muke wuni cikin fata, haɗarinmu ɗaya da nasu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ka ji, kuma garin da abin ya fi ƙamari shi ne Biradfod, cibiyar masaƙun ulu a arewacin Ingila. Daga wajen 1840 masaƙun suka shiga sayo gashin akuyar Turkiyya da na alfaka, wata dabba 'yar dangin raƙumi, daga ƙasar Peru, sai ma'aikata suka fara mutuwa wata irin mutuwa. Ƙato lafiyayye zai tashi daga aiki da zazzaɓi da nauyin ƙirji kamar mura ce, kafin kwana uku ko huɗu an binne shi.

Gashin ba shi da laifi. Laifin na ƙwayar cutar ne, wadda makiyaya suka san ɓarnarta da sunan ciwon saifa. Idan dabba ta mutu da ita, jini yakan zubo ta hanci da baki da dubura, kuma da zarar ƙwayar ta haɗu da iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri ta kwanta, kamar iri mai jiran damina. Rana ba ta gamawa da ita, gishiri ma haka, tana iya yin shekaru gommai a ƙasa ko a jikin gashi. A ƙasashen da ake sayo kayan, mai dabba ba ya son asara biyu, sai ya aske mushen ya cusa gashin cikin dila tare da na lafiyayyu.

Wanda ya fara kwance dilar shi ne a bakin wuta. Aikinsa ya tsaya gaban tebur, ya warware gashin, ya karkaɗe, ya ware mai laushi daga mai kaushi, fuskarsa a kan kayan, ƙura na tashi da busasshen jini a cikinta. Ƙwayoyin da ya shaƙa suna gangarawa can ƙarshen huhu, daga nan ƙwayoyin garkuwar jiki su kwashe su zuwa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. A nan suke farkawa su hayayyafa su saki dafi. Wurin ya kumbura ya yi ta zubar jini, ruwa ya taru a gefen huhu, kuma a kusan rabin masu ciwon cutar takan haye zuwa rufin ƙwaƙwalwa. Kafin zuwan magungunan zamani, da wuya mai irin wannan ya tashi.

Ma'aikatan sun daɗe da gane dilolin da ke kashe su, har wasu sukan ƙi taɓa gashin da ya fito daga yankin Van na Turkiyya. Likitoci ne suka makara. Sai a 1879, shekara uku bayan likita Robert Koch ya tabbatar a Jamus cewa ƙwayar ce ke haddasa antaraks, wani likitan garin mai suna John Henry Bell ya nuna cewa ciwon nan antaraks ne. Aka kafa ƙa'idoji: a jiƙa dila kafin a kwance, a sa fanka a ƙarƙashin tebur mai raga ta riƙa zuƙe ƙurar zuwa ƙasa, a hana cin abinci a ɗakin aiki. An samu sauƙi, amma mutuwa ba ta tsaya ba. A ganina dalilin a fili yake, duk dabarun nan suna farawa ne bayan cutar ta riga ta shigo ɗaki. Abin da ya karya lagonta shi ne dokar 1919, wadda a ƙarƙashinta aka buɗe tashar tsabtace ulu ta gwamnati a Libaful a 1921. Kayan da ake zargi sai an wanke su da ruwan sabulu mai ɗumi, an tsoma su a sinadarin fomalin, an busar, sannan su isa hannun ma'aikaci. A 1925 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa antaraks cikin cututtuka uku na farko da ake biyan ma'aikaci diyya a kansu, tare da gubar dalma da ta zaiba. Inda aka yi sakaci kuwa ta ci gaba: a 1957, a wata masana'antar gashin akuya a jihar New Hampshire ta Amurka, mutum 9 suka kamu, 4 suka rasu.

Sai maganarku. Haɗarinku ba ɗaya ba ne, amma tushensa ɗaya. Tumakinmu galibi ba masu ulu ba ne, ba ma da ɗakunan karkaɗe gashi irin nasu, saboda haka abin da ya fi samun mahauta, majema, dukawa da masu dakon ƙiraga shi ne antaraks ta fata, wadda ita ce fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu kamuwa a duniya. Tana shiga ta yanka ko ƙujewa, a hannu, ko a wuya da kafaɗa ga mai ɗaukar fata. Takan fara da ɗan ƙurji mai ƙaiƙayi, ya yi ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, gefensa ya kumbura sosai. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba ya ciwo. Idan aka bar shi, mutum 1 zuwa 2 cikin 10 na iya mutuwa. Idan aka sha magani da wuri, da wuya a rasa ko ɗaya cikin ɗari. Ta shaƙa ma ba a cire ku ba, musamman mai kankare gashin busasshiyar fata a rufaffen ɗaki. A 2006 da 2008 an rasa masu harkar ganga biyu a Birtaniya, kuma ana danganta kamuwarsu da fatun ganga.

Don haka tsaronka yana farawa ne tun wurin saye. Fatar dabbar da ta faɗi farat ɗaya ta mutu, komai arharta, bar ta, kuma kada ka yarda da cewa gishiri ko shanya sun tsarkake ta. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, ba a yin ganda da fatarsa. Likitan dabbobi ake kira, a ƙone shi ko a binne a rami mai zurfin mita biyu. Makiyayan da kake hulɗa da su, ka matsa musu su yi wa garke allurar rigakafi duk shekara. Yaranka kuma su sa safar hannu, su rufe duk wani rauni, su yayyafa ruwa kafin shara, su daina cin abinci a kan tarin fata.

In ka ga ƙurji mai baƙar tsakiya, kada ka matse, kada ka kai wa wanzami ya tsaga. Je asibiti a ranar, ka fara da faɗa wa likita cewa fata kake sayarwa, domin yawancin likitoci ba su taɓa ganin cutar da idonsu ba. Magunguna irin su siprofloksasin da doksisaikilin suna kashe ta, amma likita ne zai zaɓi wanda ya dace da kwanakin da za ka sha.