Tambaya da Amsa: Shin ɗan sakandare yana buƙatar kalkuleta mai zana giraf?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma ya matsa mini sai na saya masa kalkuleta mai zana giraf, wai ya gani a intanet cewa da ita ɗaliban Amurka suke lissafi. Da na tambayi kuɗinta sai na ji ya ninka na wadda yake riƙe da ita nesa ba kusa ba. Shin dole ce, kuma za a bar shi ya shiga jarrabawar WAEC da ita? Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Ba dole ba ce, kuma ba za a bar shi ya shiga ɗakin jarrabawa da ita ba. Ƙa'idar da WAEC take bugawa a kan takardar lissafi ita ce kalkuletar da aka yarda da ita ta kasance wadda ba a iya loda mata manhaja, ba ta fitar da sauti, kuma ba ta da igiyar wuta. Masu zana giraf kuwa kusan dukkansu ana iya rubuta musu ƙananan manhajoji, ana kuma iya ajiye rubutu a cikinsu, wanda hakan ya sa masu sa ido suke kallonsu a matsayin hanyar satar amsa. A jarrabawar JAMB ma ɗalibi ba ya shiga da tasa kalkuletar, domin akwai wata ƙarama a fuskar kwamfutar da yake amsa tambayoyi a kai.

Abin da yaron ya gani a intanet gaskiya ne, sai dai tsarin karatunsu ne ya bambanta da namu. Kamfanin Casio na Japan ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a 1985, mai lamba fx-7000G, sannan kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da TI-81 a 1990, daga baya kuma TI-84 Plus a 2004, wadda ta cika azuzuwan Amurka har yau. A can an gina littattafai da wasu jarrabawa a kan cewa ɗalibi yana riƙe da ita, har akwai sashe a jarrabawar AP ta lissafi mai zurfi, wadda 'yan sakandarensu suke yi, da ba a amsa shi sai da mai zana giraf. Mu kuwa tambayar giraf a WAEC kamanninta sananne ne: a ba ɗalibi lissafi, a ce ya cike teburin lambobi, ya ɗauki sikeli kamar santimita 2 a madadin lamba 1, ya zana a takardar giraf da fensir, sannan ya karanto amsa daga zanen. Maki yana kan teburin, da sikelin, da ɗigon da ya sa a wurinsu, da santsin layin da ya ja. Yaron da ya saba na'ura tana yi masa duk waɗannan zai zauna a gaban takardar giraf hannunsa bai san aikin ba, kuma wannan shi ne abin da nake ji wa tsoro fiye da tsadar.

Duk da haka ba zan so a kashe masa sha'awa ba, domin sha'awar tana da tushe, kuma gani ya kori ji. Ɗauki lissafin y = x² − 5x + 6. Ɗalibi zai warware shi a takarda ya samu 2 da 3, ya wuce, sau da yawa ba tare da ya san abin da lambobin suke nufi ba. Idan ya ga zanen, zai ga layi mai siffar kwano ya sauko ya ratsa layin kwance a kan 2, ya ɗan nutse ƙasa zuwa −0.25 a daidai 2.5, ya sake fitowa a kan 3. Idan ya canja 6 ɗin nan ya mayar da ita 7, zai ga kwanon ya ɗaga sama bai taɓa layin kwance ba ko kaɗan, nan take ya fahimci dalilin da ya sa malami yake cewa wani lissafin ba shi da amsa a cikin lambobin da aka saba. Wannan fahimtar tana da daraja ƙwarai, amma ba sai an kashe maƙudan kuɗi ake samunta ba. Manhajojin Desmos da GeoGebra kyauta ne, suna aiki a waya, kuma zanensu ya fi na ƙaramin allon kalkuleta fitowa sarai. Shawarata, Alhaji, a bar masa kalkuletar kimiyya ta gaskiya, a kuma kula wajen saye saboda jabu sun yi yawa a kasuwa, a saya masa littafin giraf da fensir mai tsini, sannan a riƙa ba shi aron waya bayan ya gama zanensa da hannu, don ya gwada nasa da na na'ura.

Tambaya: Malam, makarantarmu tana bin tsarin karatun ƙasashen waje, kuma an wajabta mana TI-84 Plus. Matsalata ita ce wani lokaci ina shigar da lissafi sai allon ya fito fayau babu zane, wani lokaci kuma amsar da take ba ni ta saɓa da ta littafi. Ko tawa ce ta lalace? Daga wata ɗaliba a Abuja.

Amsa: 'Yata, da wuya a ce ta lalace. Makarantun da suke bin tsarin IB, wato tsarin karatun ƙasa da ƙasa na International Baccalaureate, ko lissafin ƙasa da ƙasa na Cambridge, suna buƙatar wannan na'ura da gaske, saboda haka ya kamata ki san halinta tun kafin ranar jarrabawa.

Rashin ganin zane yawanci daga taga yake. Na'urar ba ta nuna giraf gaba ɗaya, tana nuna wani yanki ne kawai, kamar mai leƙen tsakar gida ta kafar ƙyaure, kuma yankin da take farawa da shi daga −10 zuwa 10 ne ta kwance da ta tsaye. Gwada y = x² − 30x + 200. Amsoshinsa 10 da 20 ne, gindin kwanon kuma yana kan 15 da −25, saboda haka kusan dukkan zanen yana wajen tagar, ba za ki ga komai ba sai ɗan guntun layi a gefen dama. Ki danna maɓallin da aka rubuta WINDOW a kansa, ki sa x daga 0 zuwa 30, y kuma daga −30 zuwa 50, sai kwanon ya bayyana. Hanyar da ta fi ita ce ki fara duba teburin lambobi da na'urar take fitarwa, ki ga inda y yake kaiwa, sannan ki zaɓi taga. Za ki lura cewa wannan shi ne ainihin tunanin da mai zane a takarda yake yi lokacin da yake zaɓen sikeli.

Saɓanin amsa kuma wurare biyu nake so ki fara bincika. Na farko ma'aunin kusurwa: idan kika nemi sin 30 kika ga 0.5, na'urar tana kan digiri, idan kuwa kika ga −0.988, tana kan radiyan, sai ki gyara a maɓallin MODE. Ki mayar da wannan gwajin al'ada a farkon kowace jarrabawa, musamman idan an goge ƙwaƙwalwar na'urar kafin ku shiga, domin gogewar tana mayar da ita kan radiyan. Na biyu baka biyu, wato alamun ( ). Idan kika rubuta −3² za ta ba ki −9, saboda tana ninka 3 da kanta kafin ta sa alamar ragi, amma (−3)² zai ba ki 9. Haka nan 1/x−2 da 1/(x−2) zane biyu ne mabambanta. Na'urar tana lissafa abin da kika rubuta ne daidai wa daida, ko da ba shi kike nufi ba, don haka ki riƙa ƙiyasta amsa a ranki kafin ki danna.

Tambaya: Ni malamin fiziks ne a wata makarantar gwamnati, ba mu da irin waɗannan na'urori, wayata ce kawai. Akwai amfanin da zan iya yi da ita a aikin gwaji? Daga wani malami a Katsina.

Amsa: Akwai sosai, Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan himma. Gwajin lilon fendulum, wato ɗan ƙarfen da ake ratayewa da zare yana kai da komowa, shi ne wurin farawa mafi sauƙi. Ɗalibai su auna lokacin kai da komowa ashirin a tsawon zare na santimita 40, 60, 80 da 100, su fitar da lokacin zagaye ɗaya, su ninka shi da kansa, su zana shi a kan tsawon zaren a takardar giraf kamar yadda WAEC za ta nema. Bayan kowane rukuni ya ja layinsa ya fitar da gangarar layin, sai ka shigar da lambobinsu a teburin Desmos ko GeoGebra ka sa manhajar ta ja layin da ya fi dacewa da ɗigon. Idan an mayar da tsawon zuwa mita kuma awon ya yi kyau, gangarar za ta zo kusa da 4, idan kuma aka raba 39.5 (wato 4π²) da ita sai a samu kusan 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa. Rukunin da ɗigonsu ɗaya ya kauce daga layi za su gan shi a fili, sai ka tura su su sake auna wannan tsawon, wanda galibi za a tarar sun yi kuskuren ƙirga ne ko sun auna zaren ba daga tsakiyar ƙarfen ba. Manhajojin biyu suna zana giraf ba tare da data ba idan an riga an sauke su, saboda haka ka sauke su tun a gida, kuma idan ajin yana da yawa ka riƙa kiran rukunonin ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinka yayin da sauran suke ci gaba da awo.