Amsa kan tsibirin Gore: ka kwana a can, kada ka yi zuwan yini

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena mai tambaya, ka ce aiki zai kai ka Dakar daga nan Maradi, in an tashi taro kana da 'yan kwanaki a hannu, kana neman inda za ka huta, ka ga tarihi, ka kuma gwada nutso cikin teku. Ka tambaya ko tsibirin Gore ya cancanci kuɗinka. Ya cancanta ƙwarai, amma da sharaɗin ka kwana a can.

Gore ɗan mitsitsi ne, tsawonsa wajen mita 900, faɗinsa 300 da 'yan kai. Jirgin ruwan da suke kira shalup yana ɗaukar mutane daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, cikin minti 20 kun sauka. Daga hantsi zuwa la'asar wurin maƙil yake da baƙi da 'yan lakwal, ga mata masu sayar da sarƙa da zane da za su riƙe sunanka tun cikin jirgi, su tare ka da shi a bakin shago. Wanda ya zo ya koma a wannan tsakanin, gajiya kawai zai kwasa. Amma da rana ta yi sanyi baƙi suka watse, sai garin ya koma hannun masu shi. Babu mota, babu kabu-kabu ko guda. Tsofaffi su fito da kujeru ƙofar gida, samari su ɗora shayi, kai kuma ka bi lunguna masu rairayi tsakanin gidaje ja da rawaya, furanni na zubowa ta kan katanga. Akwai ƙananan masaukai a tsofaffin gidajen, ka kama ɗaki tun kana Dakar.

Gidan Bayi ka je shi da zarar an buɗe, kafin layi ya taru. Ginin ƙarshen ƙarni na 18 ne, an mai da shi gidan tarihi a 1962, kuma marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya daɗe yana kula da gidan, shi ne ya yi ta ba da labarinsa har duniya ta san shi. Da ka shiga tsakar gida za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa sun hau bene inda masu gida ke zama, a ƙarƙashinsu kuma ɗakuna masu duhu da danshi, da wani siririn lungu da ya miƙe zuwa ƙofa mai kallon teku, wadda ake ce wa ƙofar tafiya ba dawowa. Masana na jayayya kan yawan bayin da suka bi ta gidan nan kansa, wasu na ganin an zuzuta adadin. Ni dai jayayyar ba ta rage mini komai ba da na tsaya bakin ƙofar. Turawan Fotugal suka fara sauka tsibirin a 1444, 'yan Holan suka riƙe shi, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta karɓe shi a wasu lokuta. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1978.

Abin da masu rakiyar baƙi ba su cika faɗa mana ba, mu 'yan Nijar muna da rabo a wurin. Makarantar horon malamai ta William Ponty a Gore take daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, kuma nan Boubou Hama, marubucin nan kuma ɗan siyasar ƙasarmu, ya yi karatu. Ka ce a nuna maka ginin. Salla kuwa, akwai tsohon masallacin dutse a gindin tudun Castel, dab da ruwa.

To batun nutso. Kada ka ce ai ka iya ruwa a tabkin Madarunfa, teku wani abu ne daban. Kulob-kulob ɗin nutso a Dakar suke, irin su Oceanium, su ke fita da mutane a kwale-kwale zuwa kewayen Gore da tsibiran Madeleine. Ka ce musu sabon shiga ne kai. Za su ɗaura maka kwalbar iska, su ba ka tabarau da rigar roba, malami ya riƙe ka ku sauka a hankali, ba za ku wuce mita 6 ba. Abin da zai fara damunka kunne ne. Da ka ji ya ɗaure, ka toshe hanci ka hura kaɗan, in bai saki ba ka yi wa malamin alama ku ɗan ɗago. Kuma kada ka riƙe numfashi ko sau ɗaya, musamman wajen hawowa, don iskar da ke huhu kumbura take yi yayin da kake tasowa. Mai mura ya haƙura sai ya warke, mai asma ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Ƙasan ruwan duwatsu ne baƙaƙe da kifaye iri-iri, in ka yi sa'a ka haɗu da cof, kifin da 'yan Senegal ke ji da shi a shinkafarsu. Akwai kuma jiragen da suka nitse, amma waɗannan sai mai takardar shaidar nutso. Ruwan ba kullum yake garau ba, wani lokaci kore-kore ne. Lokacin da muke hunturu a nan har zuwa bazara, ruwan Dakar sanyi gare shi sosai, ya fi ɗumi daga damina zuwa kaka. In kana da zaɓi, ka nufi watan Oktoba ko Nuwamba.

Kuɗi sefa ne irin namu, ba ka da wahalar canji. Ka riƙe fasfo a aljihu, ana dubawa a tashar shalup, kuma kuɗin tikitin ɗan Afirka bai kai na Bature ba. Ka kauce wa Asabar da Lahadi in son samu ne. Sai ka tsara nutson a farkon hutun, kwanan Gore a ƙarshe, domin an fi so kada a hau jirgin sama sai an yi awa 24 da fitowa daga nutso. Allah ya kai ka lafiya.