Amsa ga 'yar uwar da Hajiyarta ke zarginta da sata

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya. Kin ce tana ɓoye kuɗi ta manta, sai ta ce ke kika ɗauka, ta ci abinci ta ce wa baƙi tun safe ba a ba ta komai ba, dangi kuma sun nace jifa ne. Kina tambaya malam za ki nema ko asibiti. Jikina ya yi sanyi da na karanta, don mahaifiyata haka ciwon mantuwa (dementia) ya fara mata a nan unguwar Aboabo da ke Kumasi, Ghana.

Ki kai ta asibiti. Addu'a ba wanda ya hana ki, mu ma ba mu fasa ba. Amma a fara auna jininta da sukari, a duba sinadarin maƙoshi (thyroid) da bitamin B12, don akwai ruɗewar da magani ke gyarawa. In kuma cikin 'yan kwanaki ta rikice farat ɗaya, kada ki jira gobe, ciwon fitsari kaɗai na iya birkita tsoho. Tamu a asibitin Komfo Anokye aka yi mata hoton kai. Likita ya ce ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne suka toshe saboda hawan jinin da ta daɗe da shi. Nau'in ciwon mantuwa da ya fi yawa kuwa shi ne Alzheimer, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mutum sama da miliyan 55 ke fama da ciwon a duniya. Ba kowane tsoho ke yin haka ba, kakata ta haura casa'in da hankalinta garau.

Zargin satar nan ne ya fi cin raina. Yayana da ke Italiya ya kira, Mma, wato mahaifiyarmu, ta ce masa ina cinye kuɗin da yake turowa, ina barin ta da yunwa. Bai tambaye ni ba. Kai tsaye ya kira kawunmu, aka tara ni a tsakar gida kamar ɓarauniyar kasuwa, wai in kawo lissafi. Ni da nake wanke mata kashi da fitsari, na bar rumfata a kasuwar Kejetia a hannun yarinya har jarin ya karye! Shi ko minti biyar yake yi da ita a waya, a minti biyar ɗin kuma tana gaisuwa lafiya lau, har ta tambayi yara. Matarsa ma har da aiko saƙon murya, wai a ji tsoron Allah. Daga baya an tsinci kuɗin a ƙulle a ledar goro cikin tukunyar da ba a girki da ita. Har yau bai ce min yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Don haka duk sidin da ya shigo ki rubuta, ki ajiye rasit. In za ki ga likita ki ja ɗaya daga cikin masu bakin nan ya ji da kunnensa. Ita kuwa Hajiya kada ki yi musu da ita. In ta ce an sace, ki ce "zo mu nema tare", ki gane maɓoyarta, yawanci ba ta wuce biyu ko uku. In ta ce ba ta ci ba, ki ba ta ɗan koko ko ayaba, ki raba abincin kaɗan-kaɗan.

Ki kula da ƙofa, don Allah ki kula da ƙofa. Mma ta shekara da shekaru tana sayar da wake da shinkafa, jikinta ya saba tashi tsakar dare hura wuta. Wani dare ta zare sakata ta fita. Sai bayan asuba muka same ta wajen Asawase a tsakar gidan wasu, zani ya kwance, ba ɗankwali, mutane sun kewaye ta. Wata mata na ihu wai mayya ce ta faɗo daga tafiyar dare, wani saurayi riƙe da icce. Ita ko sai murmushi take, tana tambayar su ina murhunta. Wani mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, da ya taɓa cin abincinta ne ya tsaya a gabanta. A 2020 aka kashe Akua Denteh a Kafaba da ke arewacin Ghana, tsohuwa mai shekara 90, da duka a bainar jama'a kan zargin maita. Ita na tuna a wurin, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Matar nan mai ihu ina ganin ta a gidajen biki, ba na iya amsa gaisuwarta.

Kada ki ɓoye ciwon don kunya. Ki gaya wa liman, mai koko, masu shago da yaran layinku cewa Hajiya ba ta da lafiya, duk wanda ya gan ta ya riƙo hannunta. Ki ɗinka lambar wayarki a rigunanta, ki sa sakata can sama da ƙararrawa. Maganin barci na kanti kada ki saya mata, yana ƙara ruɗewa, ga faɗuwa. Ko maganin mantuwa na likita ba ya warkarwa, sai dai ya sassauta wa wasu. Daga la'asar zuwa magariba abin ya fi tashi, ki kunna fitila da wuri, ki sa mata karatun da ta saba ji. Mma ta manta sunana, amma Fatiha ba ta kuskure ko harafi.

In ta rikita raka'a ki ƙyale ta. Malamin da na tambaya ya ce an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, ya karanta min ayar Suratun Nahl mai zancen mafi ƙasƙancin rayuwa.

Ke ma ki riƙa auna jininki, ina da gaske. Binciken mujallar likitoci ta Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin ciwon, ciki har da hawan jini, sukari, taba da raunin ji. Sannan ki raba kwana da ƙannenki tun yanzu da baki, a gaban babba. Wanda ba zai kwana ba ya biya kuɗin famfas da na mai taya ki, kada ki karɓi "Allah ya ba da lada" kawai.