Tambaya da Amsa: Makullin imel ɗinku a hannun wa yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da makarantar nazare da firamare a Agege, da yamma kuma Islamiyya. Malamin da ke shigar mana da sakamakon jarrabawa a kwamfuta ya samu wani aiki ya tafi. Sai yanzu na gane ashe duk takardunmu, har da jerin waɗanda suka biya kuɗin makaranta, suna cikin Gmail ɗin da ya buɗe da lambar wayarsa. Lafiya muka rabu, amma kullum sai na kira shi ya turo min lambar da Google ke aika wa wayarsa kafin in shiga. An ce min Google na ba makarantu imel kyauta. Gaskiya ne? Daga mai makaranta, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ne, amma kafin mu kai ga wannan, ki nemi malamin nan a makon nan tun da mutunci na nan tsakaninku. Ki biya masa kuɗin mota ya zo ku zauna gaban kwamfuta ɗaya, ya cire lambarsa ya sa taki, ku canza kalmar sirri, sannan ku sauke kwafin komai ta hanyar Google Takeout, shafin Google na sauke bayanan asusu, ku ajiye a filashi. A wurin Google, Gmail na kyauta na mutum ɗaya ne, wato wanda wayar da kalmar sirrin ke hannunsa. Ba su san cewa ke kike biyansa albashi lokacin da ya buɗe ba. Idan wayarsa ta ɓace a danfo ko aka rufe masa layi, babu ofishin da za ki je ki ce takardun naki ne.

Abin da aka ba ki labari sunansa Google Workspace for Education, kuma matakinsa na farko kyauta ne. Microsoft ma yana da irinsa mai suna Office 365 A1. Dukansu biyu suna ba da imel, wurin ajiyar takardu, manhajar rubutu da ta lissafi, da hanyar taro ta bidiyo. Komai yana zaune a manyan kwamfutocin kamfanin, ku kuma kuna shiga ta intanet da waya ko kwamfuta. Ba za ki sayi wata na'ura ki ajiye a ofis tana cin man janareta ba.

Amfanin da ya fi damuna da ki gane shi ne asusun na makaranta ne. Ke za ki buɗe wa kowane malami nasa, mai ɗauke da sunan makarantar bayan alamar @. Ranar da wani ya ajiye aiki, sai ki shiga shafin mai kula, ki dakatar da asusunsa, ki mayar da takardunsa hannun wanda ya gaje shi, ba tare da kin kira kowa ba. Ɗauki takardar sakamakon aji huɗu. Malamar lissafi tana shigar da makinta da wayarta daga gida, malamin Alƙur'ani yana shigar da nasa bayan la'asar, duk a takarda ɗaya, babu yawo da filashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan ana kwasar ƙwayar cutar kwamfuta. Idan aka wayi gari makin wani yaro ya tashi daga 45 ya koma 75, ki buɗe tarihin takardar, za ki ga sunan wanda ya canza da ranar da lokacin. Wannan kaɗai yana kashe gardama da yawa a ɗakin malamai.

Akwai sharuɗɗa biyu. Dole makarantar ta kasance wadda hukumar ilimi ta amince da ita, kuma za su nemi shaida, don haka ki nema da sunan firamaren mai takarda. Na biyu, sai kin mallaki sunan adireshi na intanet, wato wanda ke zuwa bayan alamar @. Hukumar NiRA, wadda ofishinta ke Iponri a Surulere, ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, kuma ta ware .sch.ng don makarantu irin naki, .edu.ng kuma na manyan makarantu ne. Ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, ana sabuntawa duk shekara.

To a nan gizo ke saƙa, Hajiya. Mafi yawan masu makarantu da shagunan da ke kawo min kuka, yaron da ya yi musu aikin ne ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambarsa. Ba lallai da mugun nufi ba, sauƙi yake nema. Amma sunan nan kamar takardar fili yake: duk ginin da kika yi a kai, wanda sunansa ke jikin takardar shi ne mai shi. Ki tsaya a kansa lokacin rajista ki ga sunanki da lambarki sun shiga. Asusun mai kula na ƙoli ya zama naki, ki ƙara mutum ɗaya da kika yarda da shi, ɗanki ko shugabar malamai, saboda rai da ajali. Mai yi muku aikin kwamfuta a ba shi nasa daban wanda za a iya karɓewa. Ki rubuta ranar sabunta sunan a kalandar ofis, domin in ya ƙare ba a biya ba, saƙonni za su daina shigowa.

Game da yara, shawarata ki fara da malamai tukuna har zango ɗaya ya wuce. Ɗan nazare ba ya bukatar imel. In kin zo buɗe wa manyan aji don Google Classroom, manhajar ba ɗalibai darasi da aikin gida, ki tuna dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ake sarrafa bayanan yaro. Ki sa takardar izinin cikin fom ɗin shiga makaranta, uba ko uwa su sa hannu.

TAMBAYA: Malam, muna da tireloli da ke ɗaukar kaya daga tashar Apapa da Tin Can zuwa Kano da Kaduna. Wani kamfani ya ce ba zai sa mu cikin 'yan kwangilarsa ba sai muna da imel mai sunan kamfaninmu. Ɗana ya duba ya ce kuɗin wata-wata ne a kan kowane mutum, mu kuma da direbobi mun kai ashirin. Wannan ba asara ba ce? Daga wani Alhaji, Apapa.

AMSA: Ranka ya daɗe, da mutum ashirin za ka biya wa, da na ce asara ce. Direba da ke kan hanya tsakanin Ogere da Jebba waya yake bukata da WhatsApp. Waɗanda za a buɗe wa su ne masu rubutu da karɓar takarda: kai, akawu, mai bin takardun tasha, wataƙila da ɗan naka. Sauran adireshi irin na "bayani" ko "lissafi" ba sai an biya musu daban ba. A Google ana maƙala su a matsayin laƙabi a kan asusun mutum ɗaya, a Microsoft kuma akwai akwatin haɗaka da mutum biyu ko uku ke dubawa ba tare da ƙarin lasisi ba.

Ƙaramin tsarin Google na 'yan kasuwa yana ba da gigabait 30 ga kowane mutum, ninki biyu na 15 ɗin Gmail na kyauta. Na Microsoft mai suna Business Basic yana ba da terabait 1 na ajiya, da Word da Excel na kan intanet. In akawunka ya saba da Excel, kada ka raba shi da shi. Akwai kuma Zoho, kamfanin Indiya mai ofis a nan Legas, wanda ke sa farashinsa da naira, yana ma da tsarin kyauta na mutum biyar. Ga wanda imel kawai yake so, nan nake fara nuna masa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk abin da aka ƙulla da dala lissafinsa ba ya tsayawa, saboda haka ka tambayi dillali farashin shekara guda da naira a rubuce kafin ka amince.

Ka sa wanda zai haɗa maka ya nuna maka ya saita abubuwa uku a kan sunan adireshinku na intanet: SPF, DKIM da DMARC. Su ne ke shaida wa akwatin mai karɓa cewa saƙon daga gare ku yake da gaske. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan, kuma saƙon da ba shi da shaidar yana iya faɗawa cikin akwatin tarkace (spam) ko a dawo da shi. Takardar neman biyanka ta miliyoyi tana can kwance, kai kana jiran alat.

Sai maganar da nake so ka karanta wa akawunka da babbar murya. 'Yan damfara suna satar kalmar sirrin mutum su zauna cikin akwatinsa shiru suna karanta ciniki. Ranar biya ta zo sai su tura saƙo da sunansa cewa an canza lambar asusun banki. Ko su buɗe suna mai kama da naku, harafi ɗaya kawai ya bambanta. Kowa a ofis ya kunna tabbaci mai mataki biyu, wanda bayan kalmar sirri sai an amince ta waya. Kuma ka kafa doka: duk saƙon da ya ce an canza lambar asusu, ba a tura ko kwabo sai an kira mutumin ta tsohuwar lambar da kuka sani, ba wadda ke jikin saƙon ba.

TAMBAYA: In sabis ya ɗauke fa, ke nan aiki ya tsaya? Daga wani malami, Idi-Araba.

AMSA: Malam, tambayarka tana kan hanya. Rumbunan kamfanonin nan a ƙasashen waje suke, muna isa gare su ta wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a gaɓar Legas. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Amma ba dole aiki ya tsaya ba. A Google Drive, ma'ajiyar takardu ta Google, akwai wurin da za ka kunna aiki ba tare da intanet ba, ka ci gaba da rubutu, in sabis ya dawo ya haɗe da kansa. Sai dai tun akwai sabis ake kunna shi. OneDrive na Microsoft ma yana ajiye kwafi a kwamfutarka. Ofis ya riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban. Kuma ka sani abin da ka goge a Drive kwana 30 yake yi a kwandon shara kafin ya tafi, don haka duk ƙarshen zango ku sauke kwafin sakamako da lissafin kuɗi a filashi, a kulle a durowar shugaban makaranta.