Yadda ƙwaƙwalwa ke gane nufin hannu

Malam, ka tambaya yadda ake yi a wajen buɗa-baki a Masallacin Annabi ka gane wanda ya ɗauki dabino kai zai miƙa wa, ba bakinsa zai kai ba.

An gwada irin wannan a kan birai a Jami'ar Parma ta Italiya. A 1992 masanin ƙwaƙwalwa Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa suka gano wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke tashi idan biri ya damƙi abinci, haka ma idan ya ga mutum ya damƙa. A 2005 aka ga wata ƙwayar takan tashi sosai in ci za a yi, ta yi sanyi in ajiyewa za a yi a mazubi, alhali damƙar ɗaya ce.

A mutum kuwa har yanzu masana na jayayya. Ni dai ina ganin sabo da kallon idon mai miƙowa suna da nasu rabon.