Yayanki bai yi shiru a banza ba

'Yar'uwa, kin ce yayanki likitan dabbobi a Kumasi ya daina hira da barci tun da ya yi wa wani kare allurar mutuwa. Kar ki ce masa "ai dabba ce". Shi ya riƙe kan karen, mai shi na kuka a gefe.

Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) na 2019 ya gano kashe kai tsakanin maza likitocin dabbobi a ƙasar ya ninka na sauran jama'a sau biyu, na mata fiye da sau uku.

Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. In ya ce e, ki raka shi asibitin Komfo Anokye yau ɗin nan. Kar tsoron 'yan sanda ya hana ku, tun 2023 Ghana ta daina hukunta mai yunƙurin kashe kansa.